Yarana sun ƙi ganye, babansu ma tsincewa yake yi

Tambaya:

Assalamu alaikum Gwaggo. Yarana huɗu: babban namiji ne mai shekara 9, mai bi masa mace 'yar shekara 6, sai 'yar shekara 3, da jaririya 'yar wata 5 da nake shayarwa. Kwanakin baya na kai 'yar shekara ukun asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ba mu magani, aka ce in yawaita ba su ganye da kayan lambu. Na shiga kasuwa na sayo burokoli da bitirut da koren wake irin waɗanda nake gani a bidiyon girki, da tsadarsu da komai. Ko kallo ba su ishe su ba. Babban ya ce wari yake ji, ta biyun ta hau kakarin amai, ƙaramar ta kifar da farantin. Na yi lallashi, na yi alkawarin alawa, har bulala na ɗauko. Su dai a ba su shinkafa da mai da yaji, ko taliya, ko indomi. Babansu ma tsince karas da kabeji yake yi ya tara a gefen faranti. Surukata kuwa in sun shiga ɓangarenta sai ta ce in daina takura wa jikokinta da ciyawa, ta miƙa musu biskit. Yanzu lokacin cin abinci ya zama lokacin kuka a gidana. Yaya zan yi?

Maman yara huɗu, Kaduna

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba yarinya lafiya, ya raya miki su gaba ɗaya.

Kafin mu shiga kicin, mayar da bulalar nan inda kika ɗauko ta. Na san tsoro ne ya sa kika ɗauka, domin uwar da aka ce wa jinin 'yarta ya yi ƙasa ba ta barci da ido biyu. Amma duka ba ya sa yaro son abinci. Abin da yake koya masa kawai shi ne duk ranar da ya hango kore a faranti, to yau akwai kuka. Ki tambayi manya ki ji, da yawa akwai wani abinci guda da har yau ba sa iya kai shi baki, in kika bi diddigi ɗure aka yi musu da shi suna yara.

Abin da yaranki ke yi kuma ba taurin kai ba ne. Daga wajen shekara 2 zuwa 6 yawancin yara kan shiga wani lokaci na ƙyamar duk abincin da idonsu bai saba da shi ba. 'Yarki ta uku tana tsakiyar wannan lokaci, ta biyu tana bakin fita. Sannan harshen yaro ya fi na babba jin ɗaci. Ɗan baurin da ke ba kya ma lura da shi a zogale ko kabeji, shi cika masa baki yake yi. Da son zaƙi aka haife su, tun daga nono. Ɗaci da tsami koyonsu ake yi a hankali, kamar dai goro, wanda babu wanda ya taɓa jin daɗinsa ranar da ya fara tauna shi.

Alkawarin alawa ma ki bari. Wata masaniya 'yar Amurka, Leann Birch, ta shafe shekaru tun wajejen 1980 tana nazarin yadda yara ke koyon cin abinci, kuma cikin abin da ta gano, in aka ce wa yaro "ci wannan in ba ka wancan", son da yake wa abin da aka tilasta masa raguwa yake yi. Yaro ba wawa ba ne. Ya san abin da sai an biya shi lada kafin ya ci ba abin daɗi ba ne.

To me za a yi? Ki raba aiki tsakaninki da su. Ke ce mai zaɓar abin da za a dafa da lokacin da za a ci. Su ne masu zaɓar ko za su ci da yawan da za su ci. Ki sa sabon abu cokali ɗaya tak a gefen abincin da suka saba, ki yi bisimilla ki ci naki, kada ki ce musu komai. Wanda ya taɓa da yatsa, ya sansana, ya lasa ya tofar, duk ci gaba ne, kada ki tanka. Wanda ya bari, ki ɗauke faranti ba tare da ɓata rai ba. Bayan kwana biyu ki sake kawowa. Masu nazarin wannan fanni sun nuna cewa yaro yakan buƙaci ya ɗanɗana sabon abinci sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓe shi, iyaye kuwa yawanci a karo na uku ko na huɗu suke cewa "ai ba ya ci" su rufe babin. Ke sau ɗaya kika kawo burokoli aka yi yaƙi. Ba a ma fara ba tukuna.

Wannan tsari yana tafiya ne in yara sun zo wajen abinci da yunwa. In an wuni ana tsakurar biskit da cincin da lemon kwalba, ko kaza kika soya sai an yi miki yanga. Tsakanin abinci da abinci a bar ciki ya huta, sai ruwa ko 'ya'yan itace. Amma fa ban ce ki horar da su da yunwa ba. Kowane lokaci ya zama akwai abu ɗaya a tire da kika san suna ci, musamman saboda mai ƙarancin jinin nan, wadda ba a son ta kwana ciki babu komai.

Yanzu zo mu yi maganar cefanen da kika yi. Burokoli abinci ne mai kyau, ana ma noma shi a Jos, amma da shi aka fara ne aka ɓata rawar da tsalle. Ɗanki da ya ce wari yake ji gaskiya ya faɗa: shi da kabeji dangi ɗaya ne, in suka daɗe a wuta wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai suke fitarwa. Ga tsada, kuma abin da za ki kawo sau goma a ture bai kamata ya zama mai cin kuɗin cefane ba. Abin da likita yake nufi da ganye yana nan a tiren mai kayan gwari da ke bakin layinku: alayyahu, zogale, rama, yakuwa, kabewa, kuɓewa, karas. Ina kyautata zaton yaranki suna shan miyar kuka, to kuka ganye ce. In suna cin ɗanwake, akwai kuka a cikin kwaɓinsa. Ashe ba ganye suka ƙi gaba ɗaya ba, baƙon ganye suka ƙi. Ga yaron da ya tashi a kan shinkafa da taliya, zogale ma sabon abu ne, sai dai shi in an zubar ba a yi asarar kirki ba, kuma zai gan shi a gidan maƙwabta da gidan biki, ido ya saba.

Ki fara da masu zaƙi. Kabewa ita ce ta gaba. Ki dafa ta ta yi luguf ki dama a miyar taushe da gyaɗa, alayyahu kaɗan, yakuwa ɗan mitsitsi don kada tsami ya kore su, ki haɗa da waina ko tuwon shinkafa. Da wuya yaro ya ƙi waina, miyar kuma a jikinta take tafiya. Karas in an dafa shi ko an ɗan soya a mai zaƙinsa fitowa yake yi. Akwai kuma dankalin Hausa mai jan ciki kamar karas, wanda cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a jihar Abiya ta fitar da irinsa a Najeriya. In kika gan shi a kasuwa ki saya, ki dafa ko ki soya, yana da arzikin abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi da saurin kamuwa da cuta. Shi wannan bitamin sai da maiko jiki ke iya ɗaukarsa sosai, shi ya sa ganye da karas suke son ɗan man gyaɗa ko manja ko ƙuli-ƙuli. Manja ma da kansa yana ɗauke da shi, muddin ba a ƙona shi ya yi fari ba.

Shinkafa da mai da yajin da kike kuka da ita, ita ce hanyarki. Kada ki canza musu ita, ki dinga yi mata ƙari. Yau ki goga karas a jikin abin goga kuɓewa ki soya shi tare da albasar man. Gobe ki jefa wake ta zama garau-garau, ki yanka tumatir da kokwamba a wani ɗan kwano daban a tsakiyar tabarma, mai so ya ɗiba. Indomi ma in za a dafa, a yanka kabeji siriri kamar zare a zuba a minti biyun ƙarshe, a fasa ƙwai. Koren waken da kika sayo, ki yanka shi ƙanana ki sa a dafa-duka. Alale da wainar ƙwai da ƙosai duk suna karɓar yankakken alayyahu ba tare da ɗanɗanonsu ya canza ba.

Wanda na fi so ki gwada shi ne dambu, domin ban san abincin da ke shigar da zogale cikin yaro kamarsa ba. Ki wanke ɓarzajjiyar shinkafa ko tsakin masara ki tsane a kwando, ki turara a madambaci har ya fara laushi. Kafin nan kin zage zogalenki. A nan ake yin sakaci: ki zauna ki tsince 'yan siraran tsinkayen nan ɗaya bayan ɗaya, domin su ne ke maƙale wa yaro a haƙori da maƙogwaro, daga ranar ya tsani zogale. Ki juye tsakin a roba, ki zuba zogalen da albasa da dakakkiyar gyaɗa da gishiri da tattasai, attaruhu kaɗan saboda yara, ki yayyafa ruwa ki cakuɗa da hannu, ki mayar madambaci ya sake turara har ƙamshin gyaɗar ya tashi. In kin sauke ki kwarara soyayyen man gyaɗa mai albasa. Karon farko fari ya rinjayi kore, zogalen ya zama ɗigo-ɗigo kawai. Duk bayan mako ki ƙara yawansa. Kwaɗo ki bar shi sai gaba, in kuma za ki yi, ƙuli ya yi yawa, ramar kuma a tafasa ta a zubar da ruwan farko saboda tsami.

Za ki ji masu cewa a markaɗe komai a blanda a ɓoye cikin miyar tumatir. Ba laifi, karas da kabewa da jan tattasai suna ɓacewa a jar miya, kuma amfaninsu yana shiga jiki. Sai dai yaron da ya shekara yana cin ɓoyayyen karas bai koyi cin karas ba. Ki haɗa biyun, na ɓoye a miya, na fili a gefen faranti. In kuma ɗanki mai shekara 9 ya tambaye ki me ke cikin miyar, ki faɗa masa gaskiya. Ranar da ya kama ki da ƙarya, har tuwo sai ya dinga tonawa.

Bitirut kuwa, na san abin da ya sa kika saya. Ana ganin jansa a ce yana ƙara jini, kamar yadda ake faɗa a kan zoɓo. Launi ne kawai. Yana da amfaninsa, amma sinadarin ayon da jiki ke haɗa jini da shi ba shi da yawa a cikinsa. In sun ci kika ga fitsari ko bayan gida ya yi ja, kada ki tsorata, launin ne ke fita. Ganye shi kaɗai ma ba zai gyara jinin yarinyar nan ba. Ayon ɗin da ke cikin ganye da wake jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na hanta da nama da kifi. 'Yar hanta sau ɗaya a mako, da kifi ko da busasshe ne a daka a miya, za su yi mata aikin da ɗaurin alayyahu da yawa ba zai yi ba. Abin da ke taimaka wa ayon ɗin ganye shi ne bitamin C a lokaci guda: matsa lemon tsami a kwaɗo, ɗanyen tumatir, ko lemon zaƙi ko gwaiba bayan abinci. Shayi kuma hana shi shiga yake yi, don haka a raba shayi da lokacin abinci, ga ƙananan yara ma gara a rage shi. Kada ki ga kamar gidanki ne kaɗai. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya samu kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 da ƙarancin jini. Maganin da aka ba ki kuwa ki ci gaba da ba ta har ya ƙare.

A tukunya ma akan yi ɓarna. Ganye a wanke shi kafin a yanka, ba a yanka sannan a cuɗa shi cikin ruwa har ruwan ya yi kore a zubar ba. Alayyahu a ƙarshe ake zuba shi, minti kaɗan a sauke yana kore shar. Wanda ya dahu har ya yi baƙi ya yi yauƙi, ko babba haƙuri yake yi da shi. Kanwa tana saurin nunar da ganye, amma tana lalata bitamin C da wasu na rukunin B, ki rage ta iya yadda za ki iya. Latas da kabeji da za a ci ɗanye, ki ɓare su ganye-ganye ki wanke da ruwa mai tsabta, ki jiƙa a ruwan gishiri ko ruwan kal ki ɗauraye, domin wasu lambunan gefen gari da ruwan kwata ake ba su ruwa. Lokacin da ake amai da gudawa a gari, ki dafa komai kawai. 'Yar shekara 3 kuma kada a miƙa mata ɗanyen karas guda ko yankan ƙwalo-ƙwalo, yana iya shaƙe ta. A goga mata ko a dafa.

Duk wannan da na lissafa, rabin aikin ne. Sauran rabin yana hannun maigidanki. Yaro namiji mai shekara 9 da ke kallon ubansa yana tara karas a gefen faranti ya gama yanke hukunci cewa wannan ba abincin maza ba ne, ƙannensa kuma shi suke kallo. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin yana yaro yana yi wa Manzon Allah (SAW) hidima, cewa wani tela ya gayyaci Annabi cin abinci, aka kawo gurasar sha'ir da romo mai kabewa da busasshen nama. Anas ya ga Annabi yana bin kabewar a gefen akushi yana ci, ya ce tun daga ranar bai daina son kabewa ba. Babu wanda ya ce masa ci. Gani ya yi a hannun wanda yake ƙauna. An kuma ruwaito cewa Annabi bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan ma ya isa doka a gidanki: wanda ba ya so ya bari, amma babu mai cewa "wari" ko "ƙazanta" a kan abincin da wani ke ci.

Kada ki yi wa maigida maganar a gaban yara, kada kuma ki yi ta da sigar ƙorafi. Ki bari sai dare, ya ci ya huta, ki ce masa: "Abban yara, ka ji abin da likita ya ce kan jinin yarinyar nan. Na lura duk abin da ka ci shi suke ci. Ka taimake ni da cokali biyu a gabansu." Ba cewa kika yi ya koma cin ganye ba, cokali biyu kika roƙa. Ki kuma lura da wani abu: mazan nan masu tsince kabeji a gida, a wajen mai tsire da balangu har cewa suke a ƙaro kabeji da albasa da tumatir. Mai yiwuwa dafaffe ne ba ya so. Ranar da ya shigo da ƙunshin nama, ki yanka ƙarin kabeji da kokwamba ki baza a tire, ki barbaɗa yajin ƙuli, a ci tare da yara. In al'adar gidanku shi kaɗai yake cin abincinsa, ki nemi ya dinga kiran babban su ci kwano ɗaya ko da ranar Juma'a ce kawai.

Hajiya kuma kada ki ja da ita, ba za ki ci riba ba. Burokoli ta kira ciyawa, kuma a idonta ciyawar ce. Amma matar da ta kai shekarunta ta san kwaɗon rama da na tafasa, ta san miyar yakuwa da karkashi da lalo fiye da duk masu bidiyon da kike kallo. Ki same ta ki ce: "Hajiya, wai yaya kuke yin kwaɗon rama ne? Nawa kullum sai ya yi tsami, ga shi likita ya ce a ba jikarki ganye." Daga ranar da ganyen ya zama girkinta, ita za ta dinga bin su da shi, kuma abin da jika ya ƙi a hannun uwa sau da yawa yakan karɓa a hannun kaka. Biskit ɗin kada ki ce ta daina, ki roƙe ta ta dinga ajiye musu sai sun ci abinci. Ki tabbata dai ba a ce musu ladan cin ganye ba ne.

Ki sa hannun yaran a aikin. Babban ya raka ki wajen mai kayan gwari ya zaɓi abu ɗaya da kansa. Ta biyun ta zage zogale, ta ɓare kabeji. Ƙaramar ki ba ta roba da ruwa ta wanke tumatir, za ta jiƙa kayanta, ba komai. In akwai tsohon bokiti ko buhun siminti, a cika da ƙasa da taki a watsa irin alayyahu, cikin wata guda ya isa yanka. Ki ba kowa nasa ya dinga ba shi ruwa. Yaro yana son a ce yau miyar da alayyahunsa aka yi.

Wadda ta fi sauƙi a cikinsu ita ce wadda ba ki yi kuka da ita ba, jaririyar. Ɗanɗanon abin da uwa ta ci yana ratsawa cikin nono. A wani bincike da Julie Mennella da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2001, jariran da iyayensu mata suka sha ruwan karas lokacin ciki ko shayarwa sun fi saurin karɓar kunu mai ɗanɗanon karas da aka fara ba su abinci. Don haka ganyen da kike ci yanzu kina koya mata ne. In ta cika wata 6 ki fara ba ta dafaffiyar kabewa ko karas ko dankali a murƙushe da ɗigon mai, babu gishiri, babu dunƙule, babu sukari, ana ci gaba da nono. Za ta yamutsa fuska ta turo da harshe, wannan ba ƙi ba ne, baƙunta ce. Ki sake ba ta gobe. Daga wata 6 ɗin kuma har shekara 5 akwai ɗigon bitamin A da ake ba yara duk bayan wata shida a asibitocin awo, ita da yayarta 'yar shekara 3 duk sun cancanta.

In kina son ma'auni, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ce kayan lambu da 'ya'yan itace a haɗe, yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 a rana, ɗan 6 zuwa 9 giram 350, daga 10 zuwa sama giram 400. Dankali da rogo ba sa cikin lissafin. Kada adadin ya ba ki tsoro: lemon zaƙi ɗaya da karas ɗaya da ludayin miyar ganye sun kusa cika na ƙaramar. Kada ki auna rana ɗaya, ki dubi mako gaba ɗaya. Ki kuma bi lokaci don aljihunki: da sanyi da rani karas da kabeji da latas ke araha, da damina alayyahu da rama da yakuwa da kuɓewa. In zogale ya yi yawa ki shanya a inuwa, ki daka ki ajiye a kwalba, ki dinga zuba cokali a miya. Ganyen kawai na ce. Saiwa da ɓawo da masu talla ke cewa maganin kowace cuta ne, kada ki ba yara.

Ki koma asibiti a ranar da aka ce ki koma a sake auna jinin, ko da kin ga ta warware. Ƙarancin jini a yaranmu ba daga abinci kaɗai yake zuwa ba, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila duk suna jawo shi, ki tambayi likita ko an duba waɗannan. Kada kuma ki jira ranar in kika ga tana ramewa, ko ƙafafunta sun kumbura, ko tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari fat, ko tana haki da saurin gajiya, ko tana cin ƙasa. Ta biyun ma ki sa mata ido: in kakarin aman nan ba a kan baƙon abinci kaɗai yake ba, har a abin da ta saba ci tana yi, ko haɗiya tana yi mata wuya, ki tafi da ita a duba ta tare da ƙanwarta.